Kocin da ya gaji da kora ya gina ƙungiyarsa: lamarin Gheorghe Hagi

A watan Satumba na 2007 wani abin mamaki ya faru a Bukarest, babban birnin Romaniya. Ƙungiyar Steaua ta tsallake zagaye biyu na share fage, ta shiga matakin rukuni na gasar zakarun Turai, inda kuɗi da suna suke. Aka buga wasan farko na rukunin a gidan Slavia Prague, Steaua ta sha kashi da ci 2-1. Kafin a buga na biyu kocin ya tattara nasa ya nasa ya ajiye aiki. Wata uku bai cika a kan kujerar ba. Kocin nan kuwa ba wani ba ne illa Gheorghe Hagi, ɗan ƙwallon da 'yan ƙasarsa ke kira Regele, wato Sarki.

Abin da ya kore shi ba kashin da aka sha ba ne. Mai ƙungiyar, attajiri Gigi Becali, mutum ne da ba ya iya riƙe bakinsa. Yakan fito a talabijin ya faɗi ɗan wasan da ya kamata a saka da wanda ya kamata a zaunar a benci, koci na gida yana kallo kamar kowa. Su biyun ƙabilarsu ɗaya, sun kuma san juna tun da daɗewa, amma hakan bai hana komai ba. Hagi ya ga ba zai iya zama koci da suna kawai ba.

Wannan shi ne aikinsa na biyar cikin shekara shida, kuma babu ko ɗaya da ya kai shekara ɗaya da rabi. A lokacin hukuncin da masu sharhi suka yanke mai sauƙi ne: gwanin ɗan wasa ne, amma horarwa ba tasa ba ce. Shekara goma bayan haka mutumin nan ya ɗauki kofin gasar Romaniya da wata ƙungiyar yara da ba a ma kafa ta ba a ranar da ya bar Steaua. Abin da nake son dubawa shi ne me ya canza a tsakani, domin a ganina Hagi bai canza sosai ba. Wurin zamansa ne ya canza.

Sai an san irin ɗan wasan da ya kasance kafin a gane kocin.

An haife shi ranar 5 ga Fabrairu 1965 a ƙauyen Săcele da ke yankin Konstanta, a gaɓar Bahar Aswad. Iyayensa Aromaniyawa ne, wata ƙaramar ƙabila da ta bazu a ƙasashen Balkan, wadda aka sani da kiwon tumaki da fatauci. Sunan nasa ma akwai ɗan abin sha'awa a ciki ga mai jin Hausa. Ana rubuta Hagi, amma ana furta shi Haji, kuma tushensa ɗaya da Alhajinmu: a zamanin Daular Usmaniyya Kiristocin Balkan da suka kai ziyara Ƙudus sukan ɗauki wannan laƙabi, daga baya ya zama sunan gida.

Yana yaro iyalin suka koma birnin Konstanta, inda wani mai horar da yara, Iosif Bükössi, ya gano shi ya shigar da shi ƙungiyar matasa ta Farul. Daga nan aka kai shi Luceafărul a Bukarest, cibiyar da gwamnatin gurguzu ta kafa don tara yaran da suka fi kowa hazaƙa daga ko'ina cikin ƙasar. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Hagi ɗan tsari ne. Ba a titi kawai ya tashi ba, akwai hannun da ya tsince shi, ya ciyar da shi, ya horar da shi kullum.

A ƙungiyar Sportul Studențesc ta Bukarest ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar ƙasar sau biyu a jere, 1985 da 1986, alhali shi ɗan wasan tsakiya ne. A farkon 1987 Steaua, ƙungiyar sojoji wadda ta ci kofin zakarun Turai shekarar da ta gabata, ta are shi don wasa ɗaya tal, na Super Cup da Dynamo Kyiv a Monako. Ya ci ƙwallo ɗayar da aka ci a wasan da bugun tazara. Aron wasa ɗaya ya zama zama na dindindin. A Romaniya ta shugaban gurguzu Ceaușescu, wanda ɗansa Valentin ke bayan Steaua, ba a tambayar sojoji yaushe za su maido da kayan aro. Da shi Steaua ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 1988, ta kai na ƙarshe a 1989, inda AC Milan ta lallasa ta da ci 4-0.

Manyan ƙungiyoyin Yammacin Turai sun yi ta zawarcinsa, gwamnati ta hana. Sai da juyin juya halin Disamba 1989 ya kifar da Ceaușescu ƙofa ta buɗe. A gasar cin kofin duniya ta 1990 yana cikin fili a birnin Bari ranar da Roger Milla ya taso daga benci ya zuba wa Romaniya ƙwallo biyu, Kamaru ta ci 2-1. Bayan gasar Real Madrid ta saye shi.

Nan ne aka fara ganin halin da zai bi shi har kujerar koci. A Madrid ya yi kaka biyu, ya ci wasu ƙwallaye da har yau ake nunawa, amma bai zama uban tafiya ba. A wasan ƙarshe na kakar 1992 a Tenerife shi ya ci ta biyu da bugun tazara, Madrid na gaba da ci 2-0, aka farke aka ƙara musu ɗaya, kofi ya tafi Barcelona. Daga nan ya koma Brescia ta Italiya wurin ɗan ƙasarsu Mircea Lucescu, ƙungiyar ta faɗa gasa ta biyu, ya bi ta can. Ka ji ɗan wasan da zai girgiza duniya a 1994: daga gasar 'yan dagaji ta Italiya ya tafi Amurka.

Waɗanda suka kalli gasar 1994 a Najeriya ba za su manta da ita ba, don ita ce ta farko da Super Eagles suka je. Mu a unguwarmu talabijin ɗaya ce a tsakar gidan wani maƙwabci, ana shimfiɗa tabarma, yara a gaba manya a baya, idan hoto ya fara rawa a tura wani ya juya eriya. A nan na fara ganin wannan gajeren mutum mai lamba 10. A wasansu da Kolambiya yana can gefen hagu, kusa da layi, wurin da kowa zai ce kurosi zai yi. Ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ga gola Óscar Córdoba ya ɗan fito, sai ya ɗaga ta da ƙafar hagu ta bi ta kansa ta faɗa can kusurwa. Gardama ta kaure a kan tabarma, wasu na cewa kuskure ne, wasu na cewa da gangan ne. Wanda ya ga sauran ƙwallayen da ya ci a rayuwarsa ya san amsar.

Ajantina da ta doke Najeriya 2-1 a rukuni, a wasan da ya zama na ƙarshe ga Maradona kafin a kore shi kan ƙwaya, ita Romaniya ta haɗu da ita a zagaye na biyu. Ilie Dumitrescu ya ci biyu, Hagi ya ci ta uku, aka tashi 3-2. Ba ƙaramin daɗi muka ji ba, kamar an rama mana. Suwidin ce ta tsayar da su a zagaye na gaba da bugun fenariti bayan an tashi 2-2. A shekarar Hagi ya zo na huɗu a zaɓen Ballon d'Or, Barcelona ta Johan Cruyff ta ɗauke shi, ya sake yin kaka biyu yana shiga yana fita daga benci.

Sai yana da shekara 31, lokacin da ake ganin ya gama, ya sami gidan da ya dace da shi. A Galatasaray ta Istanbul koci Fatih Terim ya yi abin da Madrid da Barcelona suka ƙi yi: ya miƙa masa ragamar wasa, ya kewaye shi da matasa masu gudu. Kofin gasar Turkiyya huɗu a jere, daga 1997 zuwa 2000. Sai kofin UEFA a Mayun 2000 a Kopenhagen, inda suka doke Arsenal ta su Henry da Kanu da bugun fenariti. Magoya bayan Arsenal na wancan zamani sun san ranar. Abin da wasu suka manta shi ne Hagi bai gama wasan ba, an ba shi jan kati a ƙarin lokaci bayan ya yi cacar hannu da Tony Adams. Wata ɗaya bayan haka aka sake ba shi jan kati a wasansu da Italiya a gasar Turai ta 2000. A kakarsa ta ƙarshe an dakatar da shi wasa shida saboda ya far wa alƙalin wasa.

To ga mutumin a dunƙule: inda aka ba shi wuƙa da nama yakan yi abin al'ajabi, inda aka ce ya zama ɗaya daga cikin mutane sai ya dusashe ko ya fusata. Ya rataye takalmi a 2001 da ƙwallo 35 a rigar ƙasarsa, tarihin da Adrian Mutu ne kaɗai ya kamo.

Kuskuren farko ba nasa ba ne shi kaɗai. 'Yan makonni bayan ya daina wasa hukumar ƙwallon Romaniya ta naɗa shi kocin ƙasa, bai taɓa horar da ko ƙungiyar unguwa ba. László Bölöni ya bar aikin ya tafi Sporting ta Fotugal ana tsakiyar neman gurbin gasar 2002, aka ga babu wanda jama'a za su karɓa kamar Sarki. Ya kai su wasan cike gurbi, Sulobeniya ta ci 2-1 a gidanta, aka yi 1-1 a Bukarest. Ya sauka. A Bursaspor ta Turkiyya a 2003 'yan watanni ya yi. A Galatasaray daga 2004 zuwa 2005 ya ci kofin ƙalubale, ya kuma ci shi ta hanyar da magoya baya ba za su manta ba, don Fenerbahçe suka yi wa 5-1 a wasan ƙarshe. Amma shekarar ce ƙungiyar ke cika shekara ɗari, babban kofi ake so, ya ƙare na uku, aka rabu. A Timișoara ta Romaniya rabin shekara ya yi. Sai Steaua. Ko bayan ya fara aikin da za mu zo kansa, Galatasaray ta sake kiransa a Oktoban 2010 ya maye gurbin Frank Rijkaard, kafin ƙarshen Maris ya tafi.

Idan aka jera waɗannan ayyuka aka duba, abu ɗaya ne ke maimaita kansa. Kowace ƙungiya sunansa ta ɗauka haya don ta kwantar da hankalin magoya baya. An kira shi ne ana cikin rikici, an ba shi 'yan wasan da wani ya saya, ana son sakamako ranar Lahadi mai zuwa. Shi kuma ƙwallon da yake so a buga, ta riƙe ƙwallo da kai hari da ba yaro damar ya gwada abin da ke ransa, ba a koya wa ɗan shekara 29 ita cikin wata biyu. Ƙari a kan haka ba shi da haƙurin lallashin masu kuɗi. Koci a irin waɗannan wurare rabin aikinsa siyasa ce: ya yi dariya da shugaba, ya haɗiye magana, ya saka ɗan wasan da aka kashe wa kuɗi ko da ba ya so. Hagi bai iya ko ɗaya ba. Wannan aibi ne, ban ce ba aibi ba ne. Lucescu da ya horar da shi ya yi shekara goma sha biyu a Shakhtar Donetsk a ƙarƙashin attajiri ɗaya, ya san yadda ake zama da su.

Ana cikin haka ƙwallon Romaniya kanta tana ruɓewa daga ƙasa. A zamanin gurguzu kowace ƙungiya tana da uwa: soja, 'yan sanda, hukumar jirgin ƙasa, masana'antar ƙarfe, jami'a. Su ke biyan masu horar da yara, su ke kula da filaye. Da tsarin ya rushe sai ƙungiyoyi suka faɗa hannun 'yan kasuwa da 'yan siyasa, waɗanda ba su da lokacin jiran ɗan shekara goma ya girma. Aka sayar da filaye aka gina gidaje, aka koma sayen 'yan wasa masu araha daga waje. Ƙarshen abin ya fito fili daga baya: Unirea Urziceni ta ci gasar a 2009, bayan shekara biyu babu ita, Oțelul Galați ta ci a 2011, ta durƙushe a 2016, a shekarar ce Rapid ta Bukarest da Farul, gidan Hagi na farko, suka karye. Ƙungiyar ƙasa kuwa tun 1998 ba ta sake zuwa gasar cin kofin duniya ba a zagaye shida da suka biyo baya, daga 2002 har 2022. Zuriyar su Hagi ita ce amfanin gona na ƙarshe da tsohon tsari ya shuka, babu wanda ya sake shuka bayansa.

A 2009 Hagi ya koma gida. A Ovidiu, wani ƙaramin gari a bakin Konstanta, ya gina makarantar ƙwallo da kuɗin aljihunsa, kuɗin da jaridun ƙasar ke cewa ya kai Yuro miliyan 10 ko fiye. Filaye da yawa, wurin kwana, ɗakin cin abinci, masu horarwa ga kowane rukunin shekaru, da masu yawo cikin ƙasa suna neman yara. Wato Luceafărul ɗin da ta rene shi ya sake ginawa, sai dai wannan karon babu gwamnati a ciki.

Dabarar da na fi ganin ta bambanta shi da sauran tsofaffin 'yan wasa masu buɗe makarantu ita ce ta biyu. Ya gane cewa yaro yakan lalace ne tsakanin shekara 17 da 20, lokacin da ya fi ƙarfin wasan yara amma babu kocin manya da zai yi kasadar saka shi. Don haka a shekarar ya kafa ƙungiyar manya, ya sa mata suna Viitorul, ma'ana Gobe, ko abin da ke tafe. Ta karɓi gurbin ƙungiyar garin Ovidiu a gasa ta uku, ta hau ta biyu a 2010, ta shiga babbar gasa a 2012. Aikinta ɗaya ne: ta zama wurin da yaran makarantar za su buga da manya, su yi kuskure, a sake saka su mako mai zuwa. Shekarun farko da kyar take tsira daga faɗuwa, har akwai lokacin da wasannin gidanta a Chiajna take bugawa, kusa da Bukarest, fiye da kilomita 200 daga Ovidiu, don filinta bai cika sharuɗɗa ba.

A Satumban 2014 Hagi ya sauko daga ofis ya karɓi aikin koci da kansa. Yanzu shi ne mai ƙungiya, shi ne koci, shi ne mai makaranta. Babu wanda zai kira shi a waya da daddare ya ce a cire wane. Idan aka sha kashi uku a jere, shugaban da zai kore shi shi ne yake gani a madubi. Fushinsa bai tafi ko'ina ba. Yana nan yana yi wa alƙalan wasa ihu a bakin layi, yana yi wa 'yan jarida dogon wa'azi bayan wasa. Amma abin da bai taɓa samu ba a Bursa ko Bukarest ya samu: lokaci, da 'yan wasan da tun suna shekara goma sha biyu ake koya musu irin ƙwallon da yake so.

Cristian Manea ya buga wa babbar ƙungiyar ƙasa yana da shekara 16 a 2014, mafi ƙuruciya a tarihin Romaniya a lokacin. A ƙarshen shekarar Hagi ya saka ɗansa Ianis, shi ma ɗan 16, kuma ba a jima ba ya ɗaura masa ƙyallen kyaftin. Nan fa baki ya buɗe, aka ce son kai ne. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, don da wuya ɗan wani ya sami kyaftin a wannan shekaru. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron yana buga ƙwallo da ƙafa biyu ba a gane wadda ta fi, Fiorentina ta saye shi a 2016, daga baya ya ci gasar Sikotilan da Rangers a 2021.

Kakar 2016 zuwa 2017 ita ce zuciyar lamarin, kuma sai an fahimci tsarin gasar kafin a gane rikicin da ya biyo baya. Ƙungiyoyi 14 ne, kowace ta buga wasa 26. Daga nan sai a ware shida na sama, a raba makin kowa biyu, su sake karawa gida da waje, wasa goma. Viitorul ta gama zangon farko a saman teburi. A tsakiyar kakar, a watan Janairu, Hagi ya sayar da ɗan wasan tsakiyarsa mafi kyau, Răzvan Marin mai shekara 20, ga Standard Liège ta Beljiyam. Wace ƙungiya mai neman kofi ce ke yin haka? Wadda albashin ma'aikatanta da abincin yaranta ke fitowa daga cinikin 'yan wasa. Aka ɗauko wani yaro daga ƙasa aka cike gurbin.

Ranar 13 ga Mayu 2017 Viitorul ta doke CFR Cluj da ci 1-0 a Ovidiu, a filin da ba ya ɗaukar mutum dubu biyar. Aka gama gasa ita da ƙungiyar Becali kowa na da maki 44. A lokacin ƙungiyar Becali ta koma amsa sunan FCSB, bayan rundunar soja ta ƙwace sunan Steaua a kotu. Hukumar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon karawar da ƙungiyoyin biyu suka yi a zangon 'yan shida ake dubawa, a nan kuwa Viitorul ce ke gaba. FCSB ta ce a'a, a haɗa duka wasanni huɗun da suka yi a kakar, wanda da an yi haka ita ce zakara. Aka miƙa wa Hagi kofi, Becali ya garzaya kotun wasanni ta duniya da ke Lozan a Suwizalan. A watan Yuli kotun ta yi watsi da ƙarar.

Kusan shekara goma bayan wancan Satumba, mutumin da aka hana zaɓen 'yan wasansa sha ɗaya ya karɓe kofi daga hannun wanda ya hana shi, da ƙungiyar da shekarunta takwas a duniya.

Sai dai abin da ya faru wata ɗaya bayan hukuncin kotun shi ya fi nuna gaskiyar lamarin. A watan Agusta Viitorul ta sayar da uku daga cikin zakarun nata, Florinel Coman da Dragoș Nedelcu da Romario Benzar. Wa ya saya? FCSB. Wanda ya kai ka kotu jiya shi ne babban mai sayen kayanka yau, kuma dole ka sayar masa, don a Romaniya shi ke da kuɗin. Hagi ya kuɓuta daga karɓar umarnin attajiri, amma bai kuɓuta daga buƙatar aljihunsa ba.

Wannan ita ce iyakar tsarin, kuma a gasannin Turai take bayyana. Duk lokacin da ƙungiyar ta nuna, sai a girbe ta, a shiga wasannin share fage na Yuli da Agusta da sabbin yara. A 2016 Gent ta Beljiyam ta yi musu 5-0. A 2017, suna zakarun ƙasa, sun ci APOEL ta Saifurus 1-0 a gida, aka zuba musu huɗu a can bayan ƙarin lokaci. A 2019 Gent ta sake fitar da su. Ko sau ɗaya ba su shiga matakin rukuni ba a waɗannan shekaru, inda kuɗin da zai sa su daina sayar da yara da wuri yake. Yaran da aka sayar ma ba duka suka yi albarka ba. Ianis wasa biyu kacal ya buga a gasar Italiya kafin ya dawo gida a 2018 ya sake farawa. Tudor Băluță ya tafi Brighton bai sami wuri ba. Marin ya kai Ajax a 2019 a kan Yuro miliyan 12.5, ya kasa zama, sai a Italiya ya farfaɗo. Akwai masu cewa Hagi na sayar da 'ya'yan itace tun ba su gama nuna ba. Ina ganin sun yi gaskiya, sai dai ban ga yadda zai biya kuɗin makarantar ba idan bai yi hakan ba.

Akwai kuma matsalar da kuɗi ba ya magancewa: Viitorul ba ta da jama'a. Mutanen Konstanta Farul suka gada daga iyayensu, ba sa jin wata sabuwar ƙungiya a bayan gari a ransu, ko da kuwa ta ci kofin ƙalubale da Super Cup na ƙasar a 2019. Farul kuma tana gasa ta biyu, tana da magoya baya da tarihin da ya faro tun 1920, ba ta da 'yan wasa. A 2021 aka haɗe su. Viitorul ta kawo gurbinta da makarantarta, Farul ta kawo suna da riga da jama'a. Hagi, wanda ya ɗan sauka daga kujerar koci a 2020, ya koma kanta. Ranar 21 ga Mayu 2023 FCSB ta zo Ovidiu tana neman nasarar da za ta ɗora ta a sama, ta shiga gaba da ci 2-0. Farul ta farke, ta ƙara, aka tashi 3-2. Kofin gasa na farko a tarihin ƙungiyar da Hagi ya fara buga wa yana yaro, kuma wannan karon babu wanda ya je kotu.

Shin wannan ya tabbatar da cewa Hagi babban koci ne? Ni dai ba zan ce haka kai tsaye ba. Bai taɓa nuna cewa zai iya shiga ɗakin manyan taurari da wani ya tara ya sarrafa su ba, kuma wannan shi ne aikin da ake auna manyan kociyoyi da shi. Abin da ya nuna daban ne: yana da idon gane yaro, yana da ƙarfin halin saka shi, yana da taurin kan da zai jira shi shekara biyar. Taurin kan nan shi ne dai wanda ya hana shi zama a Steaua. Hanyar da ya bi ma ba ta kowa ba ce. Ɗan wasa nawa ne ya tara irin kuɗinsa, kuma cikinsu nawa ne zai yarda ya zuba su a ciyawa da tukunyar abincin yaran wasu?

Wadda ta fi cin ribar aikin ita ce ƙungiyar ƙasar da ya kasa kaiwa gasar duniya a 2001. A gasar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 21 a 2019, Romaniya ta ci Kuroshiya 4-1, ta ci Ingila 4-2, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta sami tikitin Olamfik karon farko tun 1964. A wasan Ingila Ianis ya ci ɗaya, Coman ya ci biyu. A gasar Turai ta manya a Jamus a 2024, ƙarƙashin koci Edward Iordănescu, Romaniya ta zo ta ɗaya a rukuninta kafin Holan ta fitar da ita. Ƙwallo huɗu ta ci a gasar gaba ɗaya. Nicolae Stanciu ya ci ta farko a kan Yukren. Răzvan Marin ya ci ta biyu, Denis Drăguș ya ci ta uku, su biyun yaran Ovidiu ne. Ta huɗun fenariti ce a wasansu da Sulobakiya: Ianis Hagi aka kayar, Marin ya buga.